SHARHI: Faifan farko na Tracy Chapman, inda labari ya fi huɗuba kaifi

A cikin watan Afrilu na 1988 kamfanin Elektra da ke Amurka ya fito da faifan wata budurwa baƙar fata 'yar shekara 24. Ba a wahalar da kai wajen raɗa wa faifan suna ba, sunan mai shi kawai aka rubuta: 'Tracy Chapman'. Waƙoƙi 11 ne a ciki, duk ita ta rubuta abin ta, kuma gaba ɗayan su ba su wuce minti 36 da 'yan kai ba. A jikin kwalin babu ado, babu gwalagwalai. Hoton ta ne kurum, ta sunkuyar da kai kamar wadda aka aika ta ɓatar da kuɗin aike.

Wannan faifai, wanda ko kusa bai yi kama da na kasuwa ba, shi ne aka sayar da kwafe sama da miliyan 20 a duniya. To me ke cikin sa? Kuma shin duk abin da ke cikin sa ya cancanci yabon da ake yi masa? Amsa ta ita ce a'a, ba duka ba. Faifan ya na da fuska biyu: inda Tracy ta ke ba da labari, da inda ta ke huɗuba. Ta farkon ce ta sa har yau bai tsufa ba.

Wace ce Tracy?

An haife ta a birnin Cleveland na Jihar Ohio a 1964. Ta na ƙarama iyayen ta su ka rabu, uwar ce ta rene ta cikin rashi. Tallafin karatu ya kai ta wata makarantar kwana a Jihar Connecticut, daga nan ta wuce Jami'ar Tufts da ke kusa da Boston, inda ta karanci ilimin al'adun ɗan'adam. A lokacin ɗalibta ta kan ɗauki jitar ta ta tsaya a dandalin Harvard ta na waƙa, masu wucewa na jefa mata 'yan canji. Wani ɗalibi mai suna Brian Koppelman ne ya ji ta, ya haɗa ta da mahaifin sa wanda ke harkar waƙa, hanya ta buɗe.

Sai mai karatu ya tuna irin kasuwar da ta shigo. Zamanin 'Bad' na Michael Jackson ne da 'Faith' na George Michael, zamanin da na'ura ke buga ganga, kiɗa ya cika kunne har ba ka jin abin da mawaƙi ke faɗa. Furodusan ta, David Kershenbaum, ya yi abin da furodusoshi ba su cika iyawa ba, wato ya kame hannun sa. Ya bar murya da jita a gaba, ya tura ganga da sauran kayan kiɗa baya. Rabin nasarar faifan daga wannan kamewar ta ke.

Ɗaya rabin kuma rabo ne. A ranar 11 ga Yuni, 1988, an yi gagarumin bikin cikar Nelson Mandela shekara 70 a filin wasa na Wembley da ke Landan, ya na kurkuku a lokacin. Tracy ta riga ta yi nata ta sauka. Sai aka samu tangarɗa da kayan kiɗan Stevie Wonder, ya kasa hawa. Wa za a tura ya cike gurbi nan take? Sai wadda ba ta buƙatar komai illa jita da makirfo. Ta koma ta tsaya ita kaɗai a gaban dubban jama'a, duniya na kallo a talbijin. Kafin wannan shekarar ta ƙare faifan ya hau matsayi na ɗaya a Ingila da Amurka.

Fim a cikin minti biyar

Duk wanda ke rubuta littafi ko labarin fim ya kamata ya zauna ya saurari waƙa ta biyu, 'Fast Car', da alƙalami a hannu. Ba ta kai minti biyar cikakku ba, amma ta ɗauke rayuwar mace guda tun daga budurci har zuwa ranar da ta gane an yi ba a yi ba.

Ga yadda labarin ya ke. Yarinya ce mai aiki a ƙaramin kanti. Uban ta mashayi ne, uwar ta gaji ta tafi, ita kuma ta bar makaranta don ta kula da tsohon. Ta na da saurayi mai mota, sai ta ɗora dukkan burin ta a kan wannan motar: su gudu birni, su samu aiki, su zama mutane. Sun je birnin. Ita ta samu aikin karɓar kuɗi a kanti, shi bai samu komai ba, su na kwana a masaukin marasa galihu, amma ba ta fid da rai ba. Da aka zo baiti na ƙarshe, shekaru sun shuɗe, ga 'ya'ya, ita ke ɗauke da gida, shi kuwa ya na can mashaya da abokai. Wato ta gudu daga gidan uban ta ne ta faɗa hannun mai halin uban ta. A ƙarshe ita da kan ta ta sallame shi, shi da motar tasa.

Ka lura da abubuwa uku. Na farko, babu inda Tracy ta tsaya ta ce mana talauci mugun abu ne, ko giya na kashe gida. Ta nuna mana ne, mu ka gani da idon mu. Na biyu, motar ba ta canza ba, ma'anar ta ce ke canzawa: da farko hanyar tsira ce, a tsakiya abin tunawa da daɗin da ya wuce, a ƙarshe abin da za a kori mutum da shi. Na uku shi ne amshin. Mawaƙin kasuwa ba ya haƙurin minti ɗaya bai jefo amshi ba. Ita kuwa sai da ta ja mu wajen minti biyu da 'yar karin jita guda mai maimaita kan ta, kamar mai zagaye ɗaki, kafin ganga ta faɗo, amshi ya buɗe. Kuma amshin ba alƙawarin gobe ba ne, tuna wani dare ne guda da su ka yi gudu a mota, ta ji ita ma mutum ce. Daɗin ya zo a makare, bai daɗe ba ya wuce. Kiɗan da kan sa ya ba da labarin.

A finafinan mu da littattafan mu, irin wannan yarinya ba ta ƙarewa haka. Dole a sashe na ƙarshe wani Alhaji ya fito da jibgegiyar mota, ko a gano ashe 'yar sarki ce aka sace tun ta na jaririya. Marubucin mu na tausayin tauraruwar sa har ya yi mana ƙarya. Tracy ta tausaya wa tata, amma ba ta yi mana ƙarya ba, kuma ba ta bar ta a wulaƙance ba: wadda a farko ke roƙon a tafi da ita, ita ce a ƙarshe ke cewa a tafi a ba ta wuri.

Bayan bango

Waƙa ta huɗu, 'Behind the Wall', ta fi wannan tsauri. Babu jita, babu ganga, babu komai sai murya tsirara, kuma ba ta kai minti biyu ba. Maƙwabciya ce ke jin ihun matar da miji ke duka ta bayan bango, dare bayan dare. 'Yan sanda ba su zuwa da wuri, in sun zo ma sai su ce sha'anin miji da mata ne. Wata rana ihun ya yanke, sai ga motar asibiti a ƙofar gida.

Gwanintar a nan ita ce zaɓen mai ba da labari. Da matar ce ke magana, da mun yi kuka mun share hawaye mun wuce. Da mijin ne, da mun tsine masa mun huta. Sai aka ba mu maƙwabciya, wadda ta ji komai ba ta iya komai ba. Wato mu kenan. Duk wanda ya taɓa zama gidan haya ya san wannan bango, ya san kuma yadda ake ƙara ƙarar rediyo a ce ba ruwan wani. Cire kiɗa da aka yi ya hana mai sauraro wurin ɓuya.

A wannan layi akwai 'Across the Lines', labarin garin da ya rabu biyu tsakanin farare da baƙaƙe, inda cin zarafin wata yarinya baƙa ya jawo tarzoma, aka yi ta lissafin gawa har aka manta da yarinyar. Akwai kuma 'Mountains o' Things', inda talaka ke mafarkin tarin dukiya. Abin da ya ƙawata ta shi ne Tracy ba ta mai da talakan waliyyi ba. Kwaɗayi ne fal cikin sa, kuma ya san ba a tara irin wannan dukiya sai an taka wani.

Mai sauraro Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi zamanin sa, ba 'yan amshi, ba taron makaɗa, kuma ya ɗauki karen mota, wanda ba mai kallon sa, ya yi masa waƙa. Bambancin su shi ne Ɗanmaraya kan tsaya daga gefe ya siffanta mutum ya kuma yi nasiha, ita kuwa Tracy shiga rigar mutumin ta ke yi ta ce "ni".

Inda faifan ya yi rauni

To, a nan fa za mu ɓata da masoyan ta. Waƙar da ta buɗe faifan, 'Talkin' 'bout a Revolution', ta na da daɗin rerawa, kuma hoton da ta zana na masu layin neman tallafi da neman aiki a Amurkar Ronald Reagan hoto ne na gaskiya. Amma alƙawari ta yi cewa talakawa na gab da miƙewa su karɓi rabon su. Tun ta na 'yar sakandare ta rubuta ta, kuma da ji ka san zafin ƙuruciya ne. A watan Nuwamba na wannan shekarar ta 1988 Amurkawa su ka zaɓi mataimakin Reagan, George Bush, ya gaje shi. Waƙar da ta yi hasashe ta na hannun tarihi, ya ga dama ya ƙaryata ta. Yarinyar cikin 'Fast Car' kuwa ba wanda ya isa ya ƙaryata ta.

'Why?' ta fi rauni. Jerin tambayoyi ne kan yunwa da makamai da zaluncin duniya, kowace tambaya daidai ce, amma babu mutum ko ɗaya a ciki. Babu mai suna, babu mai fuska, babu ɗaki, babu titi. Kwalin zanga-zanga ne aka sa wa kiɗa. Mai sauraro zai gyaɗa kai, amma ba abin da zai bi shi gida.

Waƙoƙin soyayyar ma ba ɗaya su ke ba. 'Baby Can I Hold You' ta tsaya da ƙafar ta, domin ta kama wani hali da kowace mace ta sani, na namijin da shekaru ke wucewa bakin sa na nauyin ba da haƙuri. 'For My Lover' ma akwai jini a jika: mace ce da so ya kai ta har kurkuku, kowa na ce mata mahaukaciya, waƙar kuma ta ƙi raba gardama. Amma biyun ƙarshe, 'If Not Now' da 'For You', sun yi sanyi. Magana ce kan so a dunƙule, ba labarin wasu masoya ba. Faifan da ya fara da gudu sai ya ƙare da jan ƙafa.

Akwai kuma ƙorafin da aka yi tun a wancan lokaci, cewa Turawa 'yan jami'a ne su ka fi sayen ta, gidajen rediyon baƙaƙen Amurka ba su cika sanya ta ba. Ƙorafin na da tushe, amma laifin kasuwa ne da ta raba kiɗa gida-gida bisa launin fata, ta ce jitar gargajiya ta farare ce. Ba laifin waƙoƙin ba ne.

Hukuncin zamani

A bikin Grammy na 1989 Tracy ta tafi gida da kambu uku, ciki har da na sabuwar mawaƙiya. Amma kambun waƙar shekara ya kuɓuce wa 'Fast Car', aka bai wa 'Don't Worry, Be Happy' ta Bobby McFerrin, waƙar da ke cewa a daina damuwa a yi murna. Kai ka ji alƙalanci!

Sai dai zamani ya sake zaman shari'ar. A 2023 Luke Combs, Bature mai waƙar ƙauyen Amurka da ake kira 'country', ya sake rera 'Fast Car', bai ma canza mai maganar daga mace zuwa namiji ba. Waƙar ta sake mamaye rediyo, ƙungiyar CMA ta ba ta kambun waƙar shekara, Tracy ta zama baƙar fata ta farko da ta ci shi. A Fabrairun 2024 su biyun su ka rera ta tare a dandalin Grammy, ita da furfurar ta. A 2025 kuma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanya faifan cikin kundin sautukan da ƙasar ke adanawa.

A duba da kyau: wacce waƙa ce ta dawo bayan shekara 35? Ba ta juyin juya hali ba ce, ba ta jerin tambayoyi ba ce. Ta 'yar kanti ce da uban ta mashayi. Ƙato farin fata daga Jihar North Carolina ya ga kan sa a cikin ta, kamar yadda mai aikatau a kowane birni za ta ga kan ta.

A ma'auni na, waƙoƙi shida daga cikin 11 sun kai a kira su gangariya, uku na da kyau daidai gwargwado, biyu cikon benci ne. Faifan farko da ya samu haka ya yi abin a yaba. Wanda bai jin Turanci sosai ya nemi mai fassara masa 'Fast Car' da 'Behind the Wall' sau ɗaya, daga nan muryar za ta ƙarasa sauran aikin. Marubutan mu kuwa, musamman masu sa tauraro ya juyo ya fuskanci kyamara ya yi mana minti goma ya na jan kunne, su saurari 'Why?' sannan su saurari 'Behind the Wall'. Mawaƙiya ɗaya ce, faifai ɗaya, manufa ɗaya. Su faɗa mana wacce ta hana su barci.