Yawon Buɗe Ido a Balan-balan, da Abin da Manomin Katuru Yake Buƙata Daga Sama

A shekarun baya-bayan nan, wasu kamfanoni a Amurka da Faransa da Sifaniya sun ɗauri aniyar sayar wa attajirai kujerun hawa sama ta hanyar balan-balan, wato wata makekiyar jaka ta leda marar kauri wadda ake ɗura wa iskar haidirojin ko ta hiliyom, waɗanda ba su kai iskar da ake shaƙa nauyi ba, sannan a rataya mata rufaffen ɗaki mai tagogi inda fasinjoji za su zauna. A lokacin tashi jakar takan tsaya a lanƙwashe, iskar ta taru a can ƙololuwarta kawai, amma yayin da take hawa nauyin iskar da ke danne ta yana raguwa, sai ta riƙa kumbura har ta cika ta yi fam. Inda ake nufa shi ne sashen iska na biyu, wanda yake bisa gajimare da hadari, a tsayin kilomita 25 zuwa 30, inda sama take komawa baƙa ƙirin ko da tsakar rana, kuma ido yake iya ganin lanƙwasar doron ƙasa.

Kamfanin Space Perspective na jihar Fulorida ya yanka wa kujera ɗaya dala 125,000, a kan tafiyar sa'o'i shida da fasinjoji takwas, da wurin shaye-shaye da makewayi a cikin ɗakin, alhali Zephalto na Faransa ya fara tallarsa da yuro 120,000, World View na Arizona kuwa dala 50,000. Ana tallata wannan tafiya a matsayin ziyarar sararin samaniya, sai dai iyakar da akasarin masana suke ɗauka tana kilomita 100 ne, saboda haka balan-balan ba ya cin ko sulusin hanya, kuma fasinjansa ba ya jin rashin nauyin jiki irin na 'yan sama-jannati. Ɗan Nijeriyar nan Owolabi Salis, wanda ya hau rokar kamfanin Blue Origin a watan Yunin 2025, ya haye wannan iyaka, abin da babu wani balan-balan da zai iya yi. Hawan kansa ma ba sabon abu ba ne, domin Auguste Piccard ya kai kusan kilomita 16 tun a 1931, Alan Eustace kuma ya zarce kilomita 41 a 2014. Abin da yake sabo shi ne kujerar alfarma da abincin ƙasaita da kuma farashi.

Babbar hujjar masu wannan kasuwa ita ce ganin duniya daga sama yana tausasa zuciya, har mai kallo ya dawo da tausayin bil'adama. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin daga kilomita 30 ba a ganin gonar da aka bari ba a nome ba saboda tsoron 'yan bindiga tsakanin Shinkafi da Zurmi, ba a kuma ganin wanda ya kwana a jeji yana gudun ransa. Mai neman tausayin mutane ya fi kusa da samunsa idan ya matso kusa da su. Ita kanta kasuwar ba ta tsaya da ƙafarta ba, tunda Space Perspective, bayan gwajin da ya yi babu mutum a ciki a watan Satumban 2024, ya durƙushe a farkon 2025 ba tare da ya ɗauki fasinja ko ɗaya ba, har wani kamfanin Sifaniya ya saye shi.

Abin takaici shi ne fasahar kanta tana da amfani na gaske, kuma ƙasar Hausa ta taɓa zama fagen nuna hakan. A daminar 2006, ƙarƙashin shirin binciken damina na Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, hukumar sararin samaniya ta Faransa, CNES, tare da cibiyar binciken yanayi ta Amurka, NCAR, sun saki balan-balan daga Damagaram, waɗanda suka hau kimanin kilomita 20, iska ta kwashe su zuwa yamma har suka kai tekun Atalantika, suna sako ƙananan na'urori a laima masu auna zafi da danshi da gudun iska yayin da suke saukowa. Abin da ake bibiya shi ne jerin hadarin da yake tasowa daga gabas ya nausa yamma, wanda duk manomin Katuru da ke jihar Zamfara ya san shi, domin gabas yake duba da la'asar kafin ya yanke shawarar yin binne ko jiran ruwan shuka. Gaskiya ne cewa abin da ya fi damun Amurkawa a wannan aiki shi ne guguwar da wannan hadari yake haifarwa a teku, amma ilimin da aka samu ya shafi gero da dawa da waken da ake shukawa a bakin kogunan Gagare da Bunsuru kai tsaye. CNES ɗin nan dai ita ce a yau take ba Zephalto goyon bayan fasaha, kuma a nan ake ganin inda hankalin masu jari ya karkata.

Haka nan kamfanin Loon, ƙanen Google, ya rataya na'urorin sadarwa a balan-balan ya ba ƙauyukan Kenya intanet a 2020, sannan aka rufe shi a watan Janairun 2021 saboda kuɗin da yake ci ya fi wanda yake kawowa. Mutanen Zamfara, waɗanda aka katse wa layukan waya a watan Satumban 2021 saboda matsalar tsaro har wasu suka riƙa tafiya maƙwabtan jihohi don kiran 'yan'uwa ko karɓar kuɗi, sun san darajar sadarwa fiye da yadda za a bayyana musu, ko da yake tasu katsewar umarnin hukuma ce, ba rashin na'ura ba.

Babu mai hana attajiri kashe dukiyarsa inda ya so, amma hukumomin gwamnati ba su da wannan uzuri. Hukumar sararin samaniya ta Nijeriya, NASRDA, wadda aka kafa a 1999 ta kuma harba NigeriaSat-1 a 2003, ta sanya hannu a 2024 kan yarjejeniyar kai ɗan Nijeriya sama na 'yan mintoci, alhali abin da ya fi dacewa da ita da hukumar hasashen yanayi ta NiMet shi ne yawaita sakin ƙananan balan-balan masu auna iska a arewa maso yamma, kullum ba fashi, domin ingancin hasashen ruwa ya dogara ne da yawan awon da aka yi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda da Jami'ar Tarayya ta Gusau suna da ɗaliban da za a iya horarwa su ɗura iskar, su saki jakar, su karanta alƙaluman, sannan a isar da sakamakon ga manoma da Hausa ta gidajen rediyo kafin faɗuwar damina.