Hannun da ke Tsamo Takarda daga Ruwa

A wasan Minecraft, da ka jera rake uku sai takarda uku su fito nan take. Dwarf Fortress kuwa, wasan kwamfutar da Tarn Adams da ɗan'uwansa Zach suka ƙirƙira, bai yarda da wannan sauƙin ba. Da suka shigo da ɗakunan karatu cikin wasan a 2015, sai ya zama dole a niƙa tsiro ya koma kamar kunu, a kai shi wurin matsa ya zama falle, a naɗe fallayen, malami ya yi rubutu, sannan a ɗinke littafi. Na yaba musu ƙwarai, domin sun girmama sana'ar da ta cancanci girmamawa.

Duk da haka, gwanintar da ke tsakiyar aikin ta fi ƙarfin danna maɓalli. A masana'antun Turai na da, da tsummokaran lilin ake farawa. A tsince su, a jiƙa har su fara ruɓewa, sannan gudumomin katako da ƙarfin kogi ke ɗagawa su yi ta dakan su har zare ya rabu da zare. A zuba cikin babban baho, a dama da ruwa ya yi tsararo kamar koko. Nan gwani ke shigowa, riƙe da mataci mai kewayen katako da siraran wayoyi. Ya tsoma, ya ɗago a daidaice, ya girgiza gaba da baya, hagu da dama, kafin ruwan ya tsiyaye. Wannan 'yar girgizar ita ce ke sa zaruruwan su sarƙe da juna ta kowace fuska. Idan hannu ya karkata, gefe ɗaya ya yi kauri. Idan ɗigon ruwa ya faɗo daga yatsa, tabo ya zauna har abada. Kuma ana son falle na ɗari biyar ya yi nauyi ɗaya da na farko, ba sikeli, sai abin da kafaɗa da wuyan hannu suka haddace.

Abokin aikinsa ya kife fallen a kan bargon ulu, a tara, a matse, a shanya a igiya. Saura mataki guda da masu tsara wasa kan manta: takardar da ba a shafe ba shan tawada take yi, rubutu ya bazu. Larabawa da sitaci suke shafe ta, su goge da dutse mai santsi. Mutanen Fabriano a Italiya kuwa suka koma ga danƙon da ake dafowa daga fata, kuma su ne suka fara ɗinka zanen waya a jikin mataci a ƙarshen ƙarni na 13, ya bar tambarin da ba a gani sai an ɗaga takarda ga haske.

Tafiyar sana'ar doguwa ce: daga Cai Lun a ƙasar Sin a shekarar 105, zuwa Samarƙand da Bagadaza a ƙarni na 8, zuwa Andalus. Ta iso mu ma, amma a kan raƙumi. Takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, irin ta gidan Galvani, tana ratso Sahara zuwa Borno da Kano, har matafiyi Heinrich Barth ya ambace ta cikin hajojin kasuwar Kano da ya gani a 1851. A kanta malamanmu suka kwafi Alƙur'ani da littattafan fiƙihu, sarakuna suka aika wasiƙu. Tsadarta na cikin dalilan da suka sa almajiri ya riƙe allo, ya rubuta ya wanke.

Ga matasanmu masu koyon tsara wasanni, wannan kaya ne a shirye: ayari ya makara, takarda ta yi tsada a kasuwar Kurmi, magatakarda ya rasa abin rubuta wasiƙar sarki. Duk mai tsohon littafin gado a gida ya ɗaga falle ɗaya ga hasken rana ya duba tambarin, daga nan ya fara bincikensa.