Tsaunukan Kong: Duwatsun da taswira ta ƙirƙiro

Idan ka buɗe taswirar Afirka ta Yamma da aka buga a Turai a ƙarni na 19, akwai yiwuwar ka ga wani dogon jerin tsaunuka ya taso daga wajen Gini ya miƙa gabas, ya raba ƙasashen bakin teku da na cikin ƙasa. Sunansu Tsaunukan Kong. Matsalar dai ɗaya ce: babu su, kuma ba a taɓa yin su ba.

Sun fara fitowa ne a 1798, a taswirar da James Rennell na Ingila ya zana don bayyana tafiyar Mungo Park. Park ya hango wasu duwatsu daga nesa, aka ce masa suna cikin ƙasar Kong. Iyakar shaidar kenan. Shi kuwa Rennell yana da ra'ayin cewa kogin Neja, wanda muke kira Kwara, gabas yake tafiya har ya ƙafe a tsakiyar nahiya. To me zai hana kogin gangarawa kudu zuwa teku? Sai da katanga. Sai ya ja waɗancan duwatsu ya mai da su katanga.

A yi masa adalci, Rennell ba ɗan koyo ba ne. Shi ya jagoranci awon ƙasar Bengal a Indiya, kuma a nan ma ya yi ƙoƙari da ɗan abin da ke hannunsa, wato kwanakin tafiya da alƙiblar kamfas. Kintace ba laifi ba ne a kimiyya. Inda na ga laifinsa shi ne, ya zana abin da aka gani da abin da ya kintata da tawada iri ɗaya. Mai kallon taswirar ba shi da hanyar bambance su. Abin ya fi muni saboda tun 1749 d'Anville na Faransa ya koya wa masu taswira barin fili fari a inda ba su da tabbas. Don haka duk wanda ya ga zane, sai ya ɗauka an tabbatar da shi.

Daga nan sai kwafe-kwafe. Thomas Bassett da Philip Porter, a bincikensu na 1991, sun ƙirga taswira 40 masu ɗauke da tsaunukan tsakanin 1798 da 1892. Ka ga shaidu arba'in, amma duk bakin mutum ɗaya suke maimaitawa. Ko da Richard da John Lander suka bi kogin daga Busa har teku a 1830, suka rushe dalilin da ya haifi tsaunukan, ba a goge su ba. Sai da Louis-Gustave Binger ya isa garin Kong a arewacin Kwaddibuwa a 1888, bai tarar da komai ba. Fataken goro da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja sun daɗe suna ratsa yankin da jakunansu, ba su hau wata katanga ba.

Kada ka ce wannan tsohon labari ne. Tsibirin Sandy, kusa da New Caledonia, yana nan a Google Earth har 2012, lokacin da jirgin masu bincike na Ostireliya ya bi ta wurin ya ga ruwa zalla. Tsohon kuskure ne ya shiga kwamfuta ya yi sabon wanka.

Kuma har gobe ana ɗauko tsoffin taswirori a rigimar iyaka ko ta gona. Shi ya sa Kotun Duniya, a shari'ar Burkina Faso da Mali ta 1986, ta ce taswira ita kaɗai ba ta ba da mallakar ƙasa, bayani ce da za a auna da sauran hujjoji.

Don haka idan aka miƙo maka tsohuwar taswira a matsayin hujja, ka tambaya: wa ya zana ta, ya taka wurin da ƙafarsa ko labari ya ji, kuma daga wace taswira ya kwafa?