Kare Ne Kawai: Nazarin Fim Ɗin Red

Na shiga kallon fim ɗin Red na shekarar 2008 da irin tunanin da mafi yawanmu muka tashi da shi, cewa kare abin gadi ne ko na farauta, ba a yi masa zaman makoki. Kafin fim ɗin ya kai rabi na fahimci cewa wannan tunanin nawa shi ne abin da aka gurfanar.

Trygve Allister Diesen da Lucky McKee ne suka ba da umarni, daga littafin Jack Ketchum. Brian Cox ya fito a matsayin Avery Ludlow, dattijon da matarsa ta rasu ta bar masa kare. Yana kamun kifi a bakin ruwa wasu samari uku suka tare shi da bindiga, da ba su samu kuɗin kirki a wajensa ba, ɗayansu ya harbe karen.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin ƙanƙantar abin da dattijon ya nema. Bai nemi diyya ba, bai nemi jini ba. So yake yaron ya amsa laifinsa da bakinsa. Mahaifin yaron, attajirin da Tom Sizemore ya fito a matsayinsa, ya tsaya wa ƙaryar ɗansa. Doka kuwa ta ɗauki karen dukiya mai ɗan ƙaramin farashi. Cox ya ɗauki wannan wulaƙanci da murya ƙasa-ƙasa, har ma lokacin da yake ba da labarin yadda babban ɗansa ya hallaka matarsa da ƙaramin ɗansa. A nan mai kallo ke gane cewa karen shi ne saura na ƙarshe daga gidan da ya rushe.

Inda na saɓa da fim ɗin shi ne ƙarshensa. Labarin da ya ginu a kan neman kalma ɗaya ta gaskiya ya ɓige da harbe-harbe cikin dare, kamar masu shirin sun ji tsoron haƙurin dattijon zai gundure mu. John Wick na 2014 ya ɗauki hanyar ramuwa tun farko, bai yi alkawarin wani abu daban ba. Red ya yi alkawarin, shi ya sa ƙarar bindigarsa ta fi ɓata mini rai.