3.4 Jawabin David Cameron na Manchesta da Rabuwar Kan 'Yan Mazan Jiya

A wannan sashe za a yi nazarin jawabin da Firayim Ministan Birtaniya na wancan lokaci, David Cameron, ya gabatar a babban taron jam'iyyarsa ta 'Yan Mazan Jiya a birnin Manchesta cikin watan Oktoba na shekarar 2011. An zaɓi wannan jawabi ne saboda a cikinsa shugaban ya fito fili ya goyi bayan auren jinsi a gaban mutanen da aka san yawancinsu da riƙo da al'adar iyaye da kakanni.

Kafin a shiga cikin jawabin, ya kamata a san inda aka fito. Gwamnatin Margaret Thatcher, wadda ita ma ta wannan jam'iyya ce, ita ta kawo dokar nan da aka fi sani da Sashe na 28 a shekarar 1988, wadda ta hana ƙananan hukumomi tallata neman jinsi. Jam'iyyar Leba ce ta soke ta a Ingila a 2003, sannan a 2004 ta yi dokar da ta ba masu jinsi ɗaya damar yin rajistar zaman tare, da kusan duk haƙƙoƙin ma'aurata ta fuskar gado da haraji. Ke nan, lokacin da Cameron ya hau mumbari, ba haƙƙi ake jayayya a kai ba sosai. Kalmar "aure" ita kanta ake ja.

A nan ne gwanintar jawabin take. Cameron bai nemi 'yan jam'iyyarsa su ajiye aƙidarsu ba. Cewa ya yi kasancewarsa ɗan mazan jiya shi ne ma dalilin goyon bayansa, domin a cewarsa jam'iyyar ta yarda al'umma na ƙarfi idan mutane suka ɗaukar wa juna alƙawari kuma suka tallafi juna. Wato ya karɓe sandan abokan jayayya ya kore su da shi. Duk wanda ya tashi musa masa sai ya zama kamar yana adawa da riƙon alƙawari, abin da babu ɗan mazan jiyan da zai yarda a jingina masa.

Sai dai idan aka lura da kyau, za a ga hujjar tana da rami. Mai jawabin ya ɗauka cewa aure alƙawari ne kawai tsakanin mutum biyu, sannan ya gina sauran maganarsa a kan haka. Masu adawa kuwa wannan ma'ana ce suke musu tun farko. A wurinsu aure haɗuwar namiji da mace ne, kuma yana da nasaba da haihuwa da tarbiyyar 'ya'ya da koyarwar addini. Jawabin bai amsa wannan ba, tsallake shi ya yi. Dabara ce mai jawo tafi a zauren taro, amma ba ta sauya zuciyar wanda bai yarda da tushen maganar ba.

Ƙuri'ar majalisa ta tabbatar da haka. A ranar 5 ga Fabrairu 2013 ƙudurin ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai da ƙuri'a 400, yayin da 175 suka ƙi. Da yake an bar kowane wakili ya bi ra'ayinsa, sai ga shi 'yan jam'iyyar Cameron 136 sun ƙi, 127 suka amince. Ƙuri'un Leba, wadda ke adawa a lokacin, da na Libaral Demokrat, abokan gwamnatin haɗin gwiwa, su suka ɗauki ƙudurin. Daga nan za a iya cewa ba mutanen zauren Manchesta jawabin ya fi nufa ba. Matasa da mazauna birane da ke kallon jam'iyyar a matsayin ta tsofaffi masu taurin kai, su ake zawarci.

Wani abin lura shi ne, a ƙarshen wannan wata na Oktoba, wajen taron ƙasashen renon Ingila a Ostireliya, Cameron ya nuna za a iya rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta masu neman jinsi. A watan Nuwamba Majalisar Dattawan Nijeriya ta amince da ƙudurin haramta auren jinsi, wanda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a Janairun 2014. Batun bai raba jam'iyyu a can ba, kuma hujjar kare iyali da Cameron ya kafa ita ce 'yan majalisar suka kafa domin haramtawa.

A Birtaniya kuwa, sai da gwamnati ta sanya wasu sharuɗɗa a cikin dokar domin kwantar da hankalin malaman addini. Babu wata majami'a ko masallaci da za a tilasta wa ɗaura irin wannan aure, kuma dokar ba ta ba Cocin Ingila ikon ɗaura shi ba. Sarauniya ta amince da dokar a watan Yulin 2013, aka fara ɗaura auren a Ingila da Wels ranar 29 ga Maris 2014.