Masu leƙa cikin gudan jini

Duk wanda aka taɓa ɗibar jininsa a asibiti ya san abin da ke biyo baya: a zare allura, a ɗora auduga, a ce ya danne. Kafin a jima jinin ya tsaya. Abin da ke faruwa a ƙarƙashin audugar nan kuwa, ganinsa sai gwanaye.

Tun a 1882 likitan Italiya Giulio Bizzozero ya zura ido ta madubin ƙara girma cikin jijiyar dabba mai rai, ya ga wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi, waɗanda yanzu ake kira filatilet, suna taruwa a inda aka ji wa jijiyar rauni. A 2013 masana a Jami'ar Pennsylvania suka nuna cewa tarin nan yana da tsari: cibiya mai tauri inda ƙwayoyin suka matse da juna, zaren fibirin ya ɗaure su, sai kuma ɓawo sako-sako a kewaye.

Amma aikin da ya fi burge ni shi ne na Brian Storrie da abokan aikinsa a Arkansas, wanda suka wallafa a 2021. Sukan sa ɓera barci, su huda jijiyar wuyansa da ke mayar da jini zuciya da siririyar allura, sannan su sandarar da gudan jinin da ya taru a wurin da magani yadda ko ƙwaya ɗaya ba za ta goce ba. Daga nan sai a binne shi cikin roba mai tauri. Wuƙar lu'ulu'u ta shafto yankin da bai kai kaurin gashi ba ko kusa, na'urar lantarki ta ɗauki hoton fuskar da ta bayyana, wuƙa ta sake shaftowa. Haka za a yi ta yi, kwamfuta na jera hotunan har gudan ya tashi tsaye. Aikin na son haƙuri ƙwarai, don in yanka ɗaya ya karkace, jerin ya sami giɓi.

Da suka duba, ashe gudan ba cunkusasshe ba ne. Ƙwayoyin sun tashi ginshiƙi-ginshiƙi daga gefen hudar, sun bar sarari a tsakani, kamar soron da aka rufe da bakan gizo. Jinin kuma yana tsayawa ne sa'ad da wani murfi na filatilet ya rufe hudar daga wajen jijiya, jini na ci gaba da gudu abinsa ta ciki.