Tarihin Mama a Shafi Biyu: Yadda 'Yan Katolika Ke Rubuta Rayuwar Iyayensu Mata

Duk wanda ya taɓa halartar jana'izar dattijuwa 'yar Katolika a Kafanchan ko Jos ko Shendam ko Sabon Tasha ta Kaduna ya san ɗan littafin nan da ake rabawa a ƙofar coci. A bangonsa akwai hoton marigayiya, galibi cikin ankon Zumuntar Mata, da shekarar haihuwa da ta rasuwa. A ciki akwai tsarin Mas da karatu da waƙoƙi, sai shafi ɗaya ko biyu na tarihin rayuwarta, sannan saƙonnin 'ya'ya da jikoki da surukai da ƙungiyoyin coci. Baƙi kan manta nasu a kan benci, amma iyali kan adana shi a akwati tare da katin baftisma da takardar aure. Ga mafi yawan matan nan, shafuka biyun su ne kaɗai abin da aka taɓa rubutawa a kansu, kuma da wuya a ƙara wani. Wannan ya isa dalilin da za a duba rubutun da idon basira.

Akwai abin da ya kai yabon cikin littafi. Ƙa'idar Cocin Katolika ta ce a Mas ɗin jana'iza fada zai yi taƙaitaccen wa'azi, amma kada ya mayar da shi yabon mamaci. Wa'azin na kan mutuwa da tashin Almasihu ne da begen da mai bi yake da shi. An dai bar ƙofa ga wani daga dangi ya faɗi 'yan kalmomi kafin a yi sallama da gawa. Su kuwa iyali bakinsu cike yake da magana, sai maganar ta nemi wuri a daren zaman makoki da kuma cikin littafin. Mai rubutawa yawanci ɗa ne ko 'ya da ta yi boko, cikin kwanakin da gawa ke ɗakin ajiya a asibiti, kai ya ɗau zafi da kuɗin akwati da na abinci da na rumfa, ga mai ɗab'i yana kira. Kusan kullum da Turanci ake rubutawa, alhali matar da Tyap ko Jju ko Ngas ko Berom ta yi renon 'ya'yanta, da Hausa kuma ta yi ciniki ta yi addu'a.

In ka karanta da yawa a jere za ka ga hanya ɗaya suke bi. An haife ta a gidan wane, ƙauye kaza. Ta yi firamare a makarantar mishan, ko kuma ba ta samu zuwa ba saboda a lokacin ba a cika sa 'ya'ya mata ba. Ta yi baftisma, ta karɓi Jibin Ubangiji, an ɗaura mata aure a coci, Allah ya albarkaci auren da 'ya'ya kaza. Ba ta fashin Mas, rozari ba ya barin hannunta, ta riƙe muƙami a Zumunta, uwa ce ga kowa, mai haƙuri, mai son baƙi. Ta rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, ta bar wane da wance. Ba na shakkar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Na yarda ta yi haƙurin, na yarda ta ja rozarin. Damuwata ita ce, in ka rufe sunan da hoton, ba za ka iya bambanta ta Kagoro da ta Pankshin ba. Mace ta yi shekara 80 a duniya da dariyarta da zafin ranta da dabarunta, amma abin da ya rage a takarda jerin kyawawan halaye ne da zai dace da kowace.

Wani zai ce ai haka addini ya koyar, a rufa wa mamaci asiri. To amma tushen wannan al'ada a cikin Katolika ba haka ya yi ba. Rubutu mafi shahara da wani ɗa Kirista ya yi kan mahaifiyarsa shi ne na Agustin, bishop na Hippo, cikin littafinsa na ikirari da ya rubuta wajajen shekarar 397 zuwa 400. Mahaifiyar ita ce Monika, wadda cocin ke bikinta ranar 27 ga Agusta, wadda kuma ƙungiyoyin iyaye mata Katolika a ko'ina suka ɗauka a matsayin abin koyi. 'Yar Afirka ce, mutuniyar Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Ta rasu a Ostiya, tashar jiragen ruwan Roma, a shekarar 387 tana da shekara 56, 'yan watanni bayan Bishop Ambros ya yi wa ɗanta baftisma a Milan. Abin da ake yawan faɗa a kanta a taron mata shi ne hawayen da ta zubar shekara da shekaru har ɗanta ya tuba. Wanda ya koma ga littafin kansa zai tarar da mace da ta fi wannan faɗi.

Agustin ya ba da labarin da ita da kanta ta ba shi, cewa tana budurwa in iyayenta suka aike ta ɗebo ruwan inabi daga randa takan ɗan kurɓa, har abin ya zama jiki, sai da wata baiwa ta yi mata gori da shi cikin faɗa sannan ta bari. Ya faɗi yadda ta hana shi zama gidanta da cin abinci tare da ita lokacin da ya shiga ɗariƙar Mani, kafin wani mafarki ya sa ta sassauta. Bai ɓoye cewa burinta na ganin ya yi suna a karatu ya sa ba ta matsa a yi masa aure da wuri ba. Ya faɗi yadda ya yaudare ta a bakin teku a Kartaj, ya shiga jirgi da dare ya tafi Roma ya bar ta tana kuka, kuma ta biyo shi har Milan. A can ita ce kan gaba wajen nema masa auren wata yarinya da shekarunta ba su ma kai ba tukuna, aka sallami matar da ya daɗe yana zaune da ita, uwar ɗansa Adeodatus, ta koma Afirka. Duk wannan yana nan tare da sadakarta da zuwanta coci safe da yamma, da halinta na cewa in mata biyu masu gaba suka kawo mata ƙarar juna ba ta kai wa kowace sai abin da zai sulhunta su. Saboda an bar mata tabonta, yau bayan shekara fiye da 1600 mai karatu yana jin kamar ya san ta.

Me ya ba shi wannan ƙarfin hali? Ina ganin amsar tana cikin abin da yake nema da rubutun. Da ciwon Monika ya yi tsanani, ɗan'uwansa ya nuna fatan ta mutu a ƙasarta, domin ta riga ta tanadi kabari kusa da na mijinta Patrisiyus. Sai ta ce su binne ta ko'ina, abin da take roƙo kawai shi ne su tuna da ita a gaban bagaden Ubangiji. Shi ya sa Agustin ya rufe labarin da roƙon Allah ya gafarta mata zunubanta, ya kuma roƙi duk mai karantawa ya sa ta da mijinta cikin addu'a. Wanda yake nema wa uwarsa gafara ba shi da buƙatar ya ce ba ta taɓa laifi ba. Wannan kuwa ita ce koyarwar Katolika har yau: ana yi wa matattu addu'a, ana ba da Mas dominsu, ana keɓe 2 ga Nuwamba ga dukan masu bi da suka rasu, domin an gaskata mai bi ma yana iya buƙatar tsarkakewa. Littattafan jana'izarmu sun karkata daga nan. Sun fi kama da takardar shaidar cewa Mama ta riga ta isa, har jika ya rubuta cewa ya san tana zaune tare da mala'iku, alhali a shafi na gaba ana roƙa mata jinƙai.

Akwai wani ɓangare na gadon Monika da ba ya yi mini daɗi, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Patrisiyus mutum ne mai zafin rai, ba ya kuma riƙe amanar aure. Agustin ya ce matan garin da ke zuwa da tabon duka a fuska sukan yi mamakin yadda ita ba a taɓa jin an doke ta ba, ita kuma takan ɗora laifin a kan harshensu, ta shawarce su da su yi shiru har miji ya huce. Wannan dabarar tsira ce ta macen ƙarni na 4 a ƙarƙashin dokar Rumawa. Matsalar ita ce ta zama darasi da ake maimaita wa amare. Idan littafin jana'iza ya ce "ta zauna da mijinta cikin haƙuri shekara 50", wani lokaci zaman lafiya ne na gaske, wani lokaci kuwa 'ya'yan sun san abin da kalmar ta rufe, 'yan Zumunta da suka sha zuwa sulhu ma sun sani. Ba cewa nake a tona asirin uba a ranar binne uwa ba. Amma 'yan matan da ke zaune a coci suna karantawa, kuma abin da suke ɗauka shi ne macen kirki ita ce wadda ta shanye komai ba ta ce uffan ba.

Abu na biyu da littafin jana'izar ke haɗiyewa shi ne sana'a. Wani karatu da akan zaɓa a irin wannan jana'iza shi ne Karin Magana sura 31, kuma macen da ke cikinta tana sayen gona, tana saƙa tana sayarwa, tana lura da ribar cinikinta. Amma a tarihin Mama sai ka ga layi ɗaya: manomiya ce kuma 'yar kasuwa. Ina labarin citta da ta noma ta shanya a ƙasar Jaba, ko dankalin Turawa na Bokkos, ko aladun da ta kai kasuwar Katsit, ko adashin da ya biya kuɗin makarantar kwana? Akwai gidajen da tukunyar burkutu ce ta fitar da malamai da ma'aikatan jinya har da fada, sai 'ya'yan su ji nauyin rubutawa, su ce ta yi ƙananan sana'o'i. Cocin da kanta ba ta jin wannan nauyin game da waɗanda ta ɗaukaka. Zeli Martin, mahaifiyar Tereza ta Lisiyo, wadda aka ayyana waliyyiya tare da mijinta Luwi ranar 18 ga Oktoba 2015, tana da sana'ar saƙar leshi a garin Alanson na Faransa, da mata masu yi mata aiki, har mijin ya sayar da shagonsa na agogo ya dawo yana taya ta. Ta haifi 'ya'ya 9, ta binne 4 suna ƙanana, ta rasu da ciwon dajin nono a 1877. An san ta ne ta wasiƙunta fiye da 200 da suka tsira, inda take kukan gajiya da tsoro da rigimar yara da bakinta. Matanmu ba su bar wasiƙu ba, shi ya sa nauyin ya fi yawa a kan mai riƙe da alƙalami.

Inda tsarin ya fi gazawa shi ne a kan macen da Allah bai ba haihuwa ba, domin an gina shi ne a kan lissafin 'ya'ya da jikoki. Sai a ce ta riƙi 'ya'yan dangi kamar nata, a wuce da sauri. Amma a Madagaska an yi Biktuwar Rasoamanaribo, wadda ba ta haihu ba, mijinta kuma mashayi ne, ta ƙi rabuwa da shi. Da aka kori 'yan mishan Faransawa a 1883, ita ce ta tsaya aka ci gaba da buɗe coci-coci da makarantu har suka dawo. Paparoma Yohanna Bulus na II ya ayyana ta mai albarka a 1989. A ƙauyukanmu da fada ke zuwa sau ɗaya a wata, akwai irinta da suka riƙe addu'ar Lahadi tare da katikis, kuma shafi biyun ba su da gurbin da za a sa wannan.

Ba sai an je Turai neman misali ba ma. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi marsiyya ga mata da ba sarauta gare su ba, ciki har da Zaharatu, kuma abin da ta ambata shi ne aikin hannunta: zuwa wurin mai naƙuda, wankan gawa, koyar da mata. Addini daban ne, amma ƙasa ɗaya ce, kuma ta nuna ana iya yabon tsoron Allah ta hanyar faɗin abin da mace ta yi da rana da dare.

Abin da littafin ya rasa, sau da yawa yana fitowa a daren makoki. Idan 'yan Zumunta suka ajiye tulu da ganga, Uwar Zumunta ko wata ƙawar marigayiya ta miƙe, da Hausa ko da harshen gida take magana, kuma ita ba ta bin tsarin mai ɗab'i. Takan faɗi ranar da Mama ta tsawata wa shugabannin coci kan kuɗin gini, da shekarar da suka yi gaba sannan suka shirya kafin Ista, da yadda ta ɓoye maƙwabta a ɗakinta lokacin rikici, da waƙar da kullum take ɗaukowa a sama har sauran su kasa kamawa. Jama'a su yi dariya, su yi kuka, 'ya'yan su ji abin da ba su taɓa sani ba game da wadda ta haife su. A lokacin an riga an buga littafin, yana cikin kwali yana jiran safiya.

Agustin ya yi kusan shekara 10 bayan rasuwar Monika kafin ya rubuta labarinta. Iyalin Katolika a nan ma suna da wasu lokutan bayan ranar binnewa: Mas na cikar wata ɗaya, da na cikar shekara, inda dangi ke sake taruwa, wasu har su sake buga 'yar takarda. A lokacin an biya bashi, zuciya ta ɗan kwanta, ƙawayen Mama kuma da yawansu suna raye, ana iya zama da su da wayar hannu a ɗauki muryarsu cikin harshen da suka yi zumunci da ita. Yawancin takardun cikar shekara da ake bugawa yanzu hoton ne dai na bara, da tarihin na bara, an canza kwanan wata.